Sojan da Bai Dawo Ba: Gurbin Marsiya a Adabin Yaƙin Bama

Manufar wannan takarda ita ce duba matsayin da adabin Hausa ya ba matashin sojan da ya kwanta dama a Bama, tsakanin 1943 da 1945. A waɗannan shekaru ne runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, don haka ana iya zaton ita ce za ta ɗauki makokin waɗanda suka faɗi.

Fitacciyar rubutacciyar waƙar da ta taɓo wannan batu ita ce "Maraba da Soja" ta Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. Sunanta kaɗai ya fayyace jigonta: tarbar masu dawowa ce. Sha'irin ya ɗauki sojan a matsayin hujjar neman 'yanci, wato wanda ya yi yaƙi don 'yancin wasu ya cancanci nasa. Hujjar tana da ƙarfi, amma rayayye take bukata. Mamacin ba ya da aikin yi a cikinta.

Dalilin wannan giɓi yana cikin zubin marsiya kanta. Marsiyar da aka gada daga Sakkwato, irin wadda Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello a 1837, tana tsayawa ne a kan sanin mamaci: nasabarsa, iliminsa, halinsa, da jama'ar da rashinsa ya girgiza. Saurayin da ya bar gida bai ko yi aure ba, bai tara abin da za a lissafa masa ba. Ga shi ba wanka, ba salla, ba kabarin da dangi za su nuna. Dutsen tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan, yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san makwancinsu ba, kuma da yawa daga 'yan Nijeriya an rubuta su ne da sunan gari ko na ƙabila a madadin sunan uba.

Lamarin ya fi tsanani idan aka dubi Mubi, wadda a lokacin tana cikin Arewacin Kamaru a hannun Ingila, ba ta shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar 1961. Ga ɗan Gude ko ɗan Fali, Hausa harshen fareti ce da umarnin samanja. Uwarsa kuwa da harshenta za ta yi kukansa, kuma wannan kuka ba ya zuwa maɗaba'ar Zariya. Mai nazarin da ya tsaya ga Hausa kaɗai ya nemi makokin a inda ba a yi shi ba.

Sai a 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan kuma ɗan tsohon sojan Bama, ya sanya yaro mai ƙarancin shekaru, Ali Banana, ya zama tauraron ƙagaggen labarinsa, Burma Boy. Ya cusa kalmomin bariki irin su farabiti da samanja, ya nuna mutuwar abokan yaron ba tare da ado ba. Sai dai da Ingilishi ya rubuta shi, kuma har ya rasu a 2022 masu karatun Ingilishi ne suka fi saninsa.