Daga Dandamali Zuwa Majigi: Nazari Kan Fasahar Sergei Eisenstein

A zamanin finafinai marasa sauti, yawancin manyan daraktoci daga wasan kwaikwayo na dandamali suka fito. Griffith na Amurka ɗan wasa ne kafin ya kama kyamara, Murnau da Lubitsch na Jamus kuwa a hannun daraktan dandamali Max Reinhardt suka goge. Amma a aikin Sergei Eisenstein na Tarayyar Sobiyet ne aka fi ganin irin gadon da fim ya ci daga dandamali.

An haife shi a Riga a 1898, ya fara karatun injiniya a Petrograd, juyin juya halin 1917 ya katse masa. A 1920 ya shiga gidan wasan ma'aikata na Proletkult a Mosko yana tsara dandamali da tufafi, ya kuma yi almajiranci wurin Vsevolod Meyerhold, wanda ke horar da jikin ɗan wasa tamkar na ɗan tsalle-tsalle. Nan ya ɗauko aƙidar da bai taɓa saki ba: aikin mai shirya wasa shi ne ya girgiza ɗan kallo, ya kora tunaninsa inda yake so. Da ya shirya wani wasa na marubuci Ostrovsky a 1923, sai da ya sa aka yi tafiya kan igiya bisa kawunan jama'a, ya kuma cusa ɗan gajeren fim a ciki.

A 1924 ya kai wasa cikin masana'antar iskar gas ta Mosko don ya kusanci zahiri. Sai manyan injuna suka danne 'yan wasan, kwaikwayonsu ya koma abin ƙarya. Daga nan ya koma fim, inda masana'anta da taron jama'a ke iya zama 'yan wasa da kansu.

Makaminsa a fim shi ne yanka da haɗin hotuna. A ganinsa, idan aka gwara hoto biyu, ma'ana ta uku ce ke faɗowa a zuciyar mai kallo. A dogon fim ɗinsa na farko, Strike, na 1925, ya riƙa sarƙa kisan ma'aikata masu yajin aiki da yankan sa a mahauta. Babu kalma ko ɗaya, amma saƙo ya isa. A Battleship Potemkin, kan tawayen sojojin ruwa na 1905, ya kai wannan dabara maƙura. A cikin fim ɗin, a matakalar birnin Odesa, ana ganin takalman sojoji na saukowa a jere, keken jariri na gangarawa, fuskar wata mata jina-jina. Abin da zai wuce cikin ɗan lokaci ya ja shi, ya yayyanka shi, har numfashin mai kallo ya sarƙe. Bai damu da taurari ba. Fuska yake nema wadda da ganinta za ka ce wannan lebura ne, wancan azzalumi.

Sai dai ƙarfin dabarar shi ne kuma haɗarinta. An kashe mutane a Odesa a 1905, amma kisan kan matakala, yadda fim ya nuna shi, Eisenstein ne ya ƙirƙira, kuma mutane da yawa sun ɗauke shi tarihi. Fasahar da ke tuƙa tunanin mutum ba ta barinsa ya tsaya ya auna.

Da sauti ya zo, shi da daraktoci Pudovkin da Alexandrov sun yi gargaɗi a 1928 cewa magana za ta mayar da fim wasan dandamali da aka ɗauka a kyamara. Duk da haka, a fim ɗinsa Ivan the Terrible shi kansa ya koma ga tsayuwa da zare ido irin na dandamali. Gwamnatin Stalin ta hana kashi na biyu na fim ɗin fitowa (bai fito ba sai a 1958, shekara goma bayan mutuwar Eisenstein), domin masu mulki sun san makamin da ya yi musu aiki zai iya juyowa kansu.