Yadda Ake Ba da Tarihin Samaru da Sabon Garin Zariya

Tarihin gari a ƙasar Hausa yana da tsarin da aka saba da shi. Ana farawa da wanda ya sari garin, sai jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi a gadon sarauta, sannan ganuwa da ƙofofi da kirari. Birnin Zazzau ya dace da wannan tsari, tun daga Bakwa Turunku da Sarauniya Amina har zuwa Ƙofar Doka da dutsen Kufena. Samaru da Sabon Gari kuwa ba su da ganuwa, don haka mai ba da labarinsu dole ya nemi wani abin kamawa.

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya wajen 1911, Turawa suka ware wa ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu wurin zama a wajen birni, Tudun Wada kuma ta zama masaukin baƙi 'yan Arewa. Shi ya sa alamomin tarihin wurin su ne tashar jirgi da kasuwa da barikin soja, inda ake horar da kurata tun 1924.

Samaru ta gona ce da makaranta. An buɗe tashar binciken aikin gona a 1922, ita ce ta zama cibiyar IAR. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a harabar tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya, wadda ɗalibanta irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Sunan garin ya bi buhunan iri ya shiga karkara: manomin da ya sayi masara SAMMAZ ko wake SAMPEA, Samaru ya shuka, ko bai taɓa taka garin ba.

Raunin wannan salo shi ne hukumomi ke riƙe da takardu, saboda haka labarinsu ne ke fitowa fili. Ana sanin shekarar da aka buɗe ofis, amma da wuya a ji labarin manoman ƙauyukan Bomo da Basawa da aka tarar a wurin, ko leburorin da suka yi wa jami'a gini suka zauna. A ƙauyukan Ingila coci ta fara rubuta baftisma da aure da jana'izar kowa tun 1538, har talaka ya samu gurbi a tarihin ƙauyensa. A nan wannan aiki yana bakin dattawa da masu unguwanni da limamai, wani ɓangarensa kuma yana cikin kundayen kammala digiri da ɗaliban Sashen Tarihi na jami'ar suka rubuta, waɗanda yawancinsu ba a buga ba.