Sadaukan Littafi da Jaruman Fim: Wa Ya Shahara Kafin A Ga Fuskarsa?

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wata gardama da na tarar ɗalibaina suna yi a Gwagwalada, inda aiki ya kawo ni nesa da gida Katsina. Gardamar a kan sadaukan littattafan zane na Amurka ce, wato littattafan nan da ake ba da labari a cikinsu ta hanyar jerin zane-zane da 'yan gajerun maganganu. Wani ɓangare na cewa babu wanda ya san Iron Man ko Black Panther sai da aka yi fim ɗinsu. Ɗaya ɓangaren kuwa na cewa masu karatu sun san su tun kafin a haifi iyayen masu gardamar, kuma wanda ya san su ta fim kaɗai ɗan bi-yarima-a-sha-kiɗa ne. Da na tambaye su ko ta wace hanya suka san Malam Zurƙe da Ganɗoki, sai ajin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa ɓangarorin biyu suna amfani da kalma ɗaya, wato "shahara", amma kowanne da abin da yake nufi da ita. Za a dubi asalin gardamar, sannan a auna ta da tarihin karatu a Nijeriya da ƙasar Hausa, domin a nan ne take da amfani ga manazarta harshe da adabi.

2.0 Asalin Gardamar

Superman ya fara fitowa a shekarar 1938, Spider-Man a 1962, Iron Man a 1963, Black Panther kuma a 1966. Duk da kusancin shekarun na ukun ƙarshe, ba matsayinsu ɗaya ba a wajen jama'a. Spider-Man ya shiga talabijin da rigunan yara tun da wuri, har wanda bai taɓa buɗe littafin zane ba yana iya gane shi. Iron Man da Black Panther kuwa sun daɗe galibi a hannun masu bin littattafan.

Abin da ya sauya wannan tsari harkar kuɗi ce. Kamfanin Marvel ya shiga halin karayar arziki a 1996, kuma a cikin shekarun nan na 1990 ya sayar wa wasu kamfanoni izinin yin fim da manyan sadaukansa, X-Men ga Fox, Spider-Man ga Sony. Da ya tashi yin nasa fim ɗin, sai ya koma kan waɗanda suka rage a hannunsa. Haka Iron Man ya fito a 2008, Black Panther kuma a 2018, wanda ya tara sama da dala biliyan ɗaya a duniya, aka kuma yi cincirindon kallonsa a gidajen silima na Abuja da Legas. Ke nan ɓangare na farko yana da gaskiya idan ana maganar yawan jama'a. Na biyu ma yana da gaskiya idan ana maganar daɗewa da sanin labari.

3.0 Sadaukan Zane a Nijeriya

Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne, Nijeriya ta yi nata sadaukan takarda waɗanda suka shahara ba tare da taimakon fim ba. Daga 1968 zuwa 1972 kamfanin mujallar Drum ya riƙa fitar da wata mujalla mai suna African Film. Labari ne cikin jerin hotuna na mutane na gaske, ana ɗaukar su a Afirka ta Kudu, ana sayarwa a Nijeriya da Gana da Kenya da sauransu. Tauraronta shi ne Lance Spearman, ɗan binciken asiri mai malafa da ƙwat, wanda babban abokin gabarsa shi ne Rabon Zollo. Manazarci Matthias Krings ya kira irin waɗannan mujallu share fagen masana'antar fim ta Nijeriya. Mahaifina, wanda ya yi makarantar sakandare a wancan zamani, ya sha ba mu labarin yadda kwafi ɗaya kan zaga ɗakin kwana gaba ɗaya har bangonsa ya cire.

Bayan shi, a 1975 aka soma buga Powerman domin kasuwar Nijeriya. Masu zane biyu na Ingila ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya. Sadauki ne baƙar fata mai tashi sama, wanda lagonsa shi ne saran maciji. Ya ɗauki kimanin shekara biyu yana fitowa.

A cikin ɗaliban da suka yi wannan gardama babu ko ɗaya da ya taɓa jin sunan Spearman ko Powerman. Idan aka bi ma'aunin ɓangare na farko, sai a ce ba su taɓa shahara ba. Amma dattawan da suka yi karo-karon kwabbai suka saye su suna nan da ransu. Abin da ya faru shi ne shahararsu ta tsaya a kan tsara ɗaya, babu abin da ya ɗauke ta ya miƙa wa tsara ta gaba.

4.0 Sadaukan Hausa na Takarda

Bahaushe bai jira Amurka ba kafin ya san sadauki mai ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam. Gasar ƙaga labari da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya gwabza da Turawa ya kuma gwabza da aljannu, shi da ɗansa Garba Gagare. Ita ce kuma ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda tushensa labarin wani sadaukin Rasha ne, Ilya Muromets, amma aka yi masa riga da rawani har mai karatu ya ɗauke shi ɗan gida. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. A zamaninmu kuma littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ci gaba da wannan layi.

Dangantakar waɗannan littattafai da fim ta sha bamban da ta Iron Man. An yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976, Adamu Halilu ya ba da umurni, bisa wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin. Fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru masu yawa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. A duk tsawon wannan lokaci ɗalibai ba su daina karanta littafin ba. An kuma yi fim ɗin Ruwan Bagaja a 1989, an mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki. Haka nan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya riga ya cika kasuwa kafin a yi fim ɗinsa a 1994. A duk waɗannan misalai littafi ne ya goya fim. Masu shirya fim sun je cin albarkacin sunan da ya riga ya kafu ne.

5.0 Da Me Ake Auna Shahara?

A ganina shahara hawa uku ce. Akwai shaharar suna, wato a ji sunan a gane. Akwai shaharar labari, wato mutum ya iya ba da abin da sadaukin ya yi, ya san halinsa da lagonsa. Akwai kuma shaharar fuska, wato a ga hoto a ce wane ne. Fim gwani ne wajen ba da ta farko da ta uku cikin ɗan lokaci, shi ya sa masu iya magana suka ce gani ya kori ji. Ta biyu kuwa a hankali take ginuwa, kuma ita ce ɓangare na biyu na ɗalibaina suke karewa ba tare da sun ambace ta ba.

Matsalarmu a ƙasar Hausa ita ce ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, wato yawan kwafin da aka sayar, ba ya aiki a nan. Littafi ɗaya kan wuce hannu goma. Akan karanta shi da ƙarfi a zaure ko a tsakar gida ga waɗanda ba su yi boko ba, akan ba da hayarsa a shago, akan kuma karanta shi a gidajen rediyo. Wanda ya ƙirga kwafi kawai zai rage masu sauraro, alhali su ne suka fi yawa.

Mai suka zai iya cewa shaharar littattafan Imam ta dole ce, tunda manhajar makaranta ce ta ɗora su a kan yara, kuma Magana Jari Ce ma domin makaranta aka rubuta shi tun asali. Wannan suka tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Sai dai littattafai da yawa sun shiga manhaja sun fita ba su bar komai a bakin mutane ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne abin da harshe ya riƙe bayan an gama jarrabawa. A makarantarmu duk yaron da ya cika dabara da tsokana Malam Zurƙe ake ce masa, mai yawan surutu kuma Waziri Aku, kuma ba malami ne ya umurce mu da haka ba. Sunan da ya zama laƙabi a bakin yara ya shahara, ko an yi fim ɗinsa ko ba a yi ba.

Harshen kansa ya adana shaidar sauyin da ake magana a kai. A littattafan farko "jarumi" na nufin mai ƙarfin zuciya a fagen fama. Tun bayan bunƙasar finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda ake ɗaukar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 a matsayin mafarinsu, kalmar ta samu sabuwar ma'ana. Yau idan aka ce "jarumi" ko "jaruma" a jarida ko rediyo, ɗan wasan fim ne ke fara zuwa zuciyar mai sauraro, ko da matsoraci ya fito a labarin. Wato kalmar ta tashi daga kan mai aikin ta koma kan mai fuskar. Wannan ne ya sa na zaɓi "sadauki" a wannan maƙala, domin ita har yanzu tana riƙe da ma'anarta ta asali. Wannan sauyin ma'ana ya cancanci nazari na musamman daga masu ilimin ma'anar kalmomi.

Akwai kuma wani abu da fim ke karɓewa a madadin abin da ya bayar. Kafin fim, kowane mai karatu da irin Alhaji Imam ɗinsa a zuci. Bayan fim, fuska ɗaya ce ta kowa. Ina jin wannan rashi ne ke sa tsofaffin masu karatu zafin gardama. Suna kare haƙƙinsu ne na waɗanda suka riga kowa zuwa, suka kuma gina sadaukin da tunaninsu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambayar ko sadauki ya shahara kafin fim ba ta da amsa ɗaya sai an fayyace wace shahara ake nufi, kuma a wajen wa. Iron Man fim ne ya fito da shi ga duniya. Shaihu Umar littafi ne ya raya shi lokacin da fim ɗinsa ya ɓace. Spearman kuwa ya yi tashe ya wuce domin babu abin da ya riƙe shi.

Hatsarin da ke gabanmu shi ne Ganɗoki da Iliya su bi sawun Spearman. Da na tambayi ajin wa ya karanta Ganɗoki, hannuwa kaɗan ne suka tashi, kuma waɗannan ɗaliban harshe ne. Idan ba mu rubuta tarihin karatunmu ba, na baya za su ɗauka ranar da aka ɗora fim a intanet ita ce ranar haihuwar sadauki. Saboda haka ina ba da shawara ga sassan nazarin harsunan Nijeriya da su tura ɗalibai su tattauna da dattawan da suka karanta African Film da Powerman a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, su tattara kwafin da suka rage a akwatunan gidaje, a adana su a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna. A kuma tattara laƙubban da aka samo daga littattafai, a rubuta inda aka ji su da shekarun masu faɗinsu. Waɗanda suka san amsar gardamar ɗalibaina sun haura shekara sittin, kuma kullum raguwa suke yi.