Kalmar ɗa a cikin «Ɗan Allah»: sharhi kan hujjoji biyu

1. Gabatarwa

Lokacin da muke ɗaukar karin harshen Arewa a Matankari mun ji musu tsakanin wani malamin zaure da wani Kirista ɗan Dogondutsi kan lafazin Ɗan Allah, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake amfani da shi tun fassarar 1932, wadda Dakta Walter Miller ya yi wa aiki, har zuwa ta 1979. Malamin ya ce littafin ya kira mutane da yawa ƴaƴan Allah, don haka lafazin bai keɓe Annabi Isa (AS) da komai ba. Abokin musunsa ya ce ɗa a nan kamar na ɗan hanya ne, babu haihuwa a ciki. Mai wannan rubutu Musulmi ne. Abin da za mu nuna shi ne hujjojin biyu duk sun jingina ga yalwar ma'anar kalma guda (polysémie), kuma kowace ta tsaya a rabin hanya.

2. Ma'anonin ɗa

Muna iya rarrabe guda huɗu:

(1) haihuwa: ɗan Musa, ɗan sarki;
(2) dangantaka: ɗan kasuwa, ɗan ƙasa, ɗan bori;
(3) ƙanƙanta: ɗan lokaci, ɗan tsugunno;
(4) ƴanci: ɗa kishiyar bawa, inda aka samo ɗiyauci a Hausar yamma.

Abin lura shi ne ma'ana ta (2) takan zo ne idan sunan wuri, ko sana'a, ko ƙungiya ya biyo baya. Idan sunan wani mai rai ne ya biyo, kunnen Bahaushe yakan koma ga (1). A Arewa wannan ya fi ƙarfi. Labarun da Marc-Henri Piault ya tattara a Histoire mawri (1970) sun danganta sarautar Matankari ga Ari, ɗan sarkin Barno, da ɗansa Akazama, suna kuma bambanta ƴan sarki masu gadon mulki da ƴan ƙasa, wato Gubawan Lugu da Bagaji. A ɗan sarki jini ake nufi, a ɗan ƙasa kuwa zama. Ɗan Allah, ta fuskar gini, ɗan'uwan ɗan sarki ne.

3. Hujjar «ɗan hanya»

Masu wannan hujja sukan ce Larabci yana da kalma biyu: walad, ɗan haihuwa, da ibn, wanda yake ɗaukar ma'anar aro kamar a ibnus sabil, matafiyi. Suna cewa walad kaɗai Alƙur'ani ya kore. Gaskiya ne tushen w-l-d shi ne a Suratul Ikhlas, da Maryam 19:88-92, da An'am 6:101, inda aka kore ɗa ta hanyar kore abokiyar zama. Gaskiya ne kuma manyan majami'u ba sa koyar da cewa Allah ya yi aure, kuma ya kamata masu wa'azinmu su daina jingina wa Kirista abin da ba su faɗa ba.

Amma hujjar tana da rauni biyu. Na farko, a Tauba 9:30 ibn ce aka yi amfani da ita game da Almasihu, kuma aka yi inkarinta. Na biyu, Hausa ba ta da wannan rabo: walad da ibn duka ɗa ne, a Littafi Mai Tsarki da kuma a tarjamar Shaihu Abubakar Gumi. Bambancin da ake neman mai sauraro ya yi, harshensa bai ba shi kayan yin sa ba.

4. Hujjar «kowa ɗa ne»

Wannan hujja tsohuwa ce a littattafan raddi, kaset-kaset na Ahmad Didat kuma suka yaɗa ta a shekarun 1980 da 1990. Nassoshinta ingantattu ne: an kira Isra'ila ɗan fari (Fitowa 4:22), an kira magajin Dawuda ɗa (2 Sama'ila 7:14, Zabura 2:7), haka Adamu (Luka 3:38) da masu sulhu (Matiyu 5:9). A waɗannan wurare ben na Ibrananci da huios na Girkanci suna nufin zaɓi da kusanci. Musulmi yana da damar cewa wannan ita ce tsohuwar ma'anar.

Inda hujjar ta gaza shi ne Yahaya. A 1:18 da 3:16 an haɗa lafazin da monogenes, wato makaɗaici, majalisar Nikiya ta 325 kuma ta fassara shi da cewa Ɗan haifaffe ne tun azal, ba halitta ba, zatinsa ɗaya da na Uban. Wanda ya kawo Luka 3:38 ya yi shiru kan Yahaya bai amsa abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi ba. Sannan ko ma'anar girmamawar ba kowane malami ya yarda da ita ba: Jahiz, a ƙarni na 9, ya ƙi a kira wani ɗan Allah ko da ta hanyar karramawa, kuma Ma'ida 5:18 ta yi raddi ga masu kiran kansu da wannan suna.

5. Ɗa da bawa

A ganinmu ma'ana ta (4) ce take nuna inda saɓanin yake. A Maryam 19:30 kalmar farko da Isa ya siffanta kansa da ita ita ce bawa. A 19:93 da Anbiya 21:26, da zarar an kore ɗa sai a tabbatar da bawa. Galatiyawa 4:7 kuwa tana gaya wa mai bi cewa ya tashi daga matsayin bawa ya zama ɗa, ya zama magaji. Littattafan biyu sun ɗauki kishiyoyi iri guda, kowane ya ajiye daraja a gefe daban. A ƙasar da har yau ake tambayar asali kafin aure, kiran mutum bawa zagi ne. Amma bawan Allah yabo ne da ake yi wa kowa, har baƙon da ba a san sunansa ba. Musulunci ya mai da bauta ga Allah ɗaukaka, kuma wannan ya zauna a bakin masu Hausa.

6. Kammalawa

Sauya kalma ba zai kawar da matsalar ba. Wasu mafassara sun gwada lafuzza kamar Almasihu ko ƙaunatacce a fassarorin da ake yi domin Musulmi, rigima ta tashi kan Wycliffe da SIL, har kwamitin Ƙawancen Ikilisiyoyin Bishara na Duniya ya ba da shawara a 2013 cewa a riƙe kalmomin uba da ɗa. Mu ma, a matsayin masu karatu Musulmi, mun fi son fassarar da take nuna abin da nassin ya ce, mu ƙi shi muna sane da abin da muka ƙi. Bayan ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, ba ƙaramin abu ba ne kowane ɓangare ya iya faɗin aƙidar ɗayan yadda mai ita zai amince. Aikin da ya rage mana shi ne mu gwada ƙa'idar sashe na 2 da tambayoyi a Matankari, da Gecheme, da Tibiri, tsakanin Musulmi, da Kirista, da ƴan bori.