Masu Gano Dalilin da Sankarar Huhu Ke Bijire wa Magani

Manomin tumatir a Danja ya san takaicin feshin da ya ci tsutsa bara, bana kuma ta ƙi mutuwa. Ƴan tsirarun da suka tsira su ne suka hayayyafa. Haka sankarar huhu take yi wa magani: majinyaci ya samu sauƙi na watanni, sai ƙarin ya sake tasowa. Akwai masana a ɗakin gwaji da sana'arsu ita ce bin diddigin wannan bijirewa, kuma aikinsu abin jinjinawa ne.

Aikin yana farawa da ɗan tsokar da likita ya tsakuro daga huhu da allura, wani lokaci bai kai ƙwayar shinkafa ba. A sashen binciken tsoka, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ana tsoma shi cikin ruwan fomalin don kada ya ruɓe. Ƙasa da awa 6 bai kamu ba. Idan kuma mai sakaci ya manta da shi kwana da kwanaki, DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ya lalace ke nan. Sai a tsane ruwan jikinsa, a binne shi cikin narkakken kaki, a bari ya daskare.

A wajen yanka ake gane gwani. Yana ɗora dunƙulen kakin a kan maikirotom, injin da ke da wuƙa mai tsananin kaifi, yana juya hannunsa a natse, yana fitar da falle mai kaurin kashi 4 cikin 1,000 na milimita. Ya shimfiɗa fallen bisa ruwan ɗumi har ya warware, ya tsamo shi da gilashi, ya rina. Likita ya duba a madubin hangen ƙananan halittu, ya zagaye inda sankarar ta fi yawa da alƙalami. Daga nan kaɗai ake kankaro DNA, da sabuwar wuƙa ga kowane majinyaci, don kada na wani ya cuɗanya da na wani.

Abin da aka samu ɗan mitsitsi ne, sai a ninka shi da na'urar PCR. Tana ɗumama shi zuwa digiri 95, ta sanyaya, ta maimaita. Kowane zagaye yana ruɓanya shi, zagaye 30 ya kai kimanin kwafi biliyan guda.

Da irin wannan haƙuri aka bankaɗo dabarun cutar. Maganin sisfilatin yana ɗaure zaren DNA don ƙwayar sankara ta kasa rabuwa, amma wasu ƙwayoyin suna ƙarfafa masu gyaransu, irin su ERCC1, su yanke wurin ɗaurin su ɗinke. Wasu kuma suna yawaita wani famfo a fatarsu, wanda Victor Ling da abokin aikinsa suka bayyana a 1976, yana tofar da magunguna irin su fakilitaksel waje. A 2005 aka gano T790M, sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gadon EGFR, wanda ke hana maganin jefitinib aiki a wajen rabin waɗanda maganin ya daina yi musu amfani. Sanin wannan sauyi ya kai ga maganin osimatinib, da Amurka ta amince da shi a 2015.

Mai tallan maganin kowace cuta a bakin kasuwa bai taɓa tambayar dalilin da ya sa magani ya daina aiki ba. Idan magani ya daina yi wa majinyacinku aiki, ku koma wa likitansa ku tambaya ko za a iya sake ɗibar tsoka ko jini a gwada.