Sharhi A Kan Littafin The Places in Between: Daɗi Da Wahalar Tafiyar Ƙasa

Littafin da muke son dubawa a wannan fitowa shi ne The Places in Between na Rory Stewart, mutumin Birtaniya, wanda aka buga a shekarar 2004. Labari ne na tafiyar da marubucin ya yi a ƙafa daga Herat zuwa Kabul a ƙasar Afganistan, a farkon shekarar 2002, 'yan makonni bayan faɗuwar gwamnatin Taliban ta farko. Ya shafe fiye da wata guda yana ratsa duwatsu da ƙauyuka a tsakiyar hunturu, da jaka a baya da sanda a hannu.

Ta fuskar zubi da tsari, marubucin ya yi dabara. Ya bi sawun Sarki Babur, wanda ya kafa daular Mughal a Indiya, ya kuma ratsa wannan hanya cikin ƙanƙara kimanin shekara 500 kafin shi. Saboda haka sai ya riƙa jera abin da sarkin ya rubuta da abin da shi ya gani da idonsa. Babobin gajeru ne, kusan kowanne zango guda, ta yadda mai karatu zai ji kamar shi ma yana yada zango.

Babban jigon littafin shi ne karɓar baƙo. Matafiyin yakan isa ƙauye da almuru, ya miƙa takardar da wani babba ya rubuta masa zuwa ga babban ƙauyen gaba, a saukar da shi a masallaci ko ɗakin baƙi, a kawo masa gurasa da shayi. Daɗin tafiyar ke nan, tare da irin abin da ya gani a hanya, kamar hasumiyar Jam ta ƙarni na 12, wadda ya tarar ana haƙe kayan tarihi a kewayenta ana sayarwa. Wahalar kuwa ba a ɓoye ta ba: gudawa, yunwa, sanyi mai ratsa ƙashi, da mutane masu bindiga waɗanda ba a san nufinsu ba. Salonsa sassauƙa ne, ba ya kuka ba ya yabon kansa. Ko karen da aka ba shi a hanya, wanda ya raɗa wa suna Babur, bai mayar da shi abin tausayi fiye da kima ba, shi ya sa mutuwarsa a ƙarshe take taɓa zuciya.

Sai dai kuma mun ga naƙasu guda biyu. Na farko, wahalar marubucin wahala ce ta ganin dama. Yana da fasfo da kuɗin jirgi, ranar da ya gaji zai koma gida. Mutanen da suka ciyar da shi kuwa daga ɗan abin da suka tanada don hunturu suka ɗiba, bayan shekaru fiye da 20 na yaƙi. A ganinmu littafin bai tsaya sosai a kan wannan nauyi da baƙo yake ɗora wa talaka mai masauki ba. Na biyu, kusan babu muryar mata. Gaskiya ne al'adar wurin ba ta ba baƙo namiji damar shiga cikin gida ba, amma dole mai karatu ya sani cewa rabin ƙauyen kawai aka nuna masa.

To, ina ruwanmu da wannan littafi? Tafiyar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Fatake sun taka har Gwanja neman goro, alhazai sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa, wasu sun yi shekaru a hanya, wasu ma sun zauna can har jikokinsu. Amma idan muka duba rubutattun labaran tafiya na Hausa, irin su Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, za mu ga tafiyar zamani ce suka ba da labari. Tsofaffin da suka taka da ƙafarsu suna ƙarewa, labarinsu yana bin su kabari, ɗalibanmu kuma ba su da abin karantawa a kansu.

Shawararmu ga marubuta ita ce su karanta wannan littafi don su ga yadda ake sa ido a kan ƙananan abubuwa, sunan ƙauye, irin abinci, nisan zango. Sannan su nemi dattawan da suka rage, maza da mata, su rubuta abin da suka gani tun kafin lokaci ya ƙure.