Hannun da ya dawo wa Fijo 504 da martabarta

Duk mai son ganin inda sana'ar ɗinkin cikin mota ta kai a ƙasar Katagum, to ya nemi wata farar Fijo 504 da ke kai-kawo tsakanin Gadau da Azare, ya roƙi dattijon da ke da ita ya buɗe masa ƙofa. Wallahi aiki ya yi aiki! Ni dai tun da nake ban ga cikin mota da ya tafi da hankalina kamar wannan ba.

Ita motar ba baƙuwarmu ba ce. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma, shekarar da ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. A zamaninta ita ce motar gwamnati, ita ce ta alhazai, ita ce ta tasha. Injinta ba ya gajiya, ƙafarta ba ta tsoron gargada. Cikinta ne kullum ke riga ta tsufa: ranar bazara ta farfasa ledar kujeru, ruwan damina ya zurara ta gefen gilas ya jiƙa kwalin ƙofa har ya kumbura ya lanƙwashe.

A nan gwanin Azare da ya gyara cikin wannan motar ya nuna shi ɗan sana'a ne. Wasu da sun shafa gam a kan ruɓaɓɓen kwalin, su lulluɓe shi da sabuwar leda, a biya su a tafi. Shi ko kusa! Ya ɓalle tsohon a hankali, ya shimfiɗa shi a kan sabon falankin katako marar kauri, ya bi gefensa da alli, ya fitar da ramin mariƙin ƙofa da na abin ɗaga gilas da na kowane maɓalli, ba wanda ya goce. Ya shafe bayan falankin da fenti, ya manna leda a jikin ƙarfen ƙofar don ta tare ruwa. Wannan wuri ne da ba idon da zai sake gani, amma ya tsaya masa kamar nan za a fara dubawa. Na ce masa, "Baba, wa zai san kun yi wannan?" Bai ko ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba ya ce, "Damina za ta sani, ɗana."

Sai fatar. Kai, fatar nan! Bai sauya tsarin da motar ta zo da shi ba, amma a tsakiyar kowace ƙofa ya dasa jar fatar akuya, irin wadda majema ke jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, wadda a zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko. Fatar akuya ba ta da faɗi, ɗaya ba za ta rufe ƙofa ba, dole a yi haɗi. Maimakon ya ɓoye haɗin, sai ya mayar da shi ado: layi biyu na zare mai ruwan ƙasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan. Na bi su da yatsa ina neman inda allura ta yi tsalle, ban samu ba. A ƙarƙashi ya sa soso ɗan siriri, don haka in ka danna sai ya lotsa kaɗan ya dawo, ba ya yin tudu. Wanda ya taɓa shafa sirdin da baduku ya gama ranar jajibirin hawan Sallah ya san abin da nake nufi.

Kujerun kuwa bai sa musu fatar akuya ba, kuma na yaba da hakan ƙwarai, domin ba za ta jure zama da gumi ba. Yadi mai kauri ya zaɓa a tsakiya, baƙar leda a gefe, yadda ko motar ta wuni a rana ba za ta ƙona mutum ba.

Ni da dattijon mai motar mun bi hanya zuwa Gadau, ba ƙofar da ta yi ƙara ko sau ɗaya, sai ƙamshin fata da ya cika motar. Da muka tsaya kusa da Jami'ar Sa'adu Zungur, ɗaliban da motar ta girme su nesa ba kusa ba suka kewaye ta da wayoyi suna ɗaukar hoto, wani har yana tambayar ko daga waje aka yi odar ƙofofin. Dattijon ya ce, "A'a, samari, aikin Azare ne."

Mai tsohuwar 504 ko 505 a gareji, kada ya yar da tsofaffin kwalayen ƙofarsa komai ruɓewarsu, da su ake fitar da awo. Ya kwashe su ya nufi Azare, kuma kada ya matsa wa mai aikin da gaggawa.